Barbarar shanu ta allura: aikin yana da kyau, amma lita 20 ba ta cikin bututu

Masu tambayata ko barbarar allura, wato ɗura wa saniya maniyyin bijimi da sirinji ba tare da sa ya hau ta ba, ta ci kuɗinta sun yi yawa, musamman tun da karsanun da na samu ta wannan hanya suka haihu aka fara tatsarsu. Amsata ita ce ta ci kuɗinta, kuma zan sake yi. Sai dai akwai tazara tsakanin abin da ake faɗa wa mutum ranar da ake tallata masa aikin da abin da zai gani a ƙwarya bayan shekara uku, kuma wannan tazarar nake so mai niyyar shiga ya sani tun kafin ya zaro kuɗinsa.

Ni ƙaramin mai kiwo ne. Ina da 'yan farfarun shanu, Bunaji, a wata gona da ke bayan garin Zariya, da wani dattijon Bafulatani mai kula da su da nake kira Baffa. Waɗanda suka yi mini aikin wasu likitocin dabbobi ne masu zaman kansu. Ba zan kama sunansu ba, domin ina da yabo a kansu ina kuma da ƙorafi.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba su zo da allura a zuwan farko ba. Likitan ya sa safar roba mai tsawo har kafaɗa, ya bi shanun ɗaya bayan ɗaya yana lalubar mahaifa, ya ware masu ciki gefe. Wannan yana da muhimmanci, domin allurar da ake yi wa saniya don ta nemi sa a lokacin da ake so tana zubar da ciki idan akwai shi. Daga nan ya dubi jikinsu. Wata da haƙarƙarinta ya fito ya ce ba zai taɓa ta ba sai ta murmure. Na ce masa, "Likita, ai kuɗina zan biya." Ya ce, "Alhaji, kuɗin naka nake tausayi. Ramammiyar saniya ba ta riƙe ciki, ka ba ta dusa da harawa tukuna." Mutumin da ya ƙi karɓar kuɗi don ya san aikin ba zai yi ba, ya samu amincewata tun daga ranar.

Ranar aikin kuwa a kan babur ya zo, da tulun ƙarfe ɗaure a baya. A cikin tulun akwai ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, a ciki ake ajiye maniyyin bijimin a 'yan siraran bututun roba, kowanne kwatan mililita ne kawai. Da ya buɗe murfin sai farin hayaƙi ya kwararo ƙasa. Ya sa hantsaki ya zaro bututu ɗaya ba tare da ya ɗago sauran sama da wuyan tulun ba, ya jefa shi cikin fulas mai ruwan ɗumi da ya riga ya auna da ma'aunin zafi ya tsaya wajen digiri 37. Bayan kamar rabin minti ya fito da shi, ya goge shi tas, saboda ɗigon ruwa yana kashe maniyyi, ya yanke bakinsa, ya ɗura a doguwar sirinjin ƙarfe, ya cusa ta cikin rigarsa don kada iska ta buge ta kafin ya isa wurin saniyar. Baffa yana riƙe da igiya yana yi mata magana da Fulatanci, ba ta ko yi tsalle ba. Wajen tsafta da natsuwa ban ga abin kushewa ba.

Inda aka fi samun matsala shi ne lokaci. Saniya tana neman sa ne kusan kowane kwana 21, kuma shanunmu masu tozo ba sa daɗewa a wannan hali, sau da yawa ma da dare suke nunawa. Ƙa'idar ita ce idan an ga ta tsaya wasu suna hawanta da safe a yi mata da yamma, idan da yamma ne a yi mata washegari da safe. To ma'aikatan ba su da yawa, garken da suke bi kuwa suna da yawa. An taɓa yin ranar da Baffa ya kira ni da asuba ya ce wata ta tsaya, na kira su, wayar ba ta shiga ba sai bayan isha'i, aka zo washegari da rana tsaka. Ba ta ɗauka ba. Da aka zo maimaitawa sai aka ce in sake biyan kuɗi cikakke. A ganina idan latti daga wajensu ne, bai kamata makiyayi ya ɗauki asarar shi kaɗai ba. Ko da komai ya tafi daidai ma, ba kowace saniya ke ɗauka a karon farko ba, don haka duk mai lissafin kuɗi ya sa maimaici a cikin lissafinsa.

Amma babban ƙorafina ba wannan ba ne. Mai karɓar kuɗi a ofishinsu ya nuna mini hoton wata baƙa-da-fara mai hantsa har gwiwa, ya ce maniyyin bijimin Firisiyan ne daga Turai, 'yar da za a haifa za ta ba ni lita 20 a rana. Na ji yana faɗa wa wani dattijo daga Giwa haka shi ma. Wannan magana ba daidai ba ce, kuma ba don maniyyin jabu ne ba. Babu wanda zai iya yin wannan alkawari ko da bijimin da ya fi kowanne a duniya ya kawo.

Akwai halayen da gadonsu mai sauƙi ne. Rashin ƙaho a shanu wuri ɗaya ne ke hukunta shi a cikin ƙwayoyin gado, haka ma rinjayen baƙi a kan ja a launin gashi. Irin waɗannan za ka iya duban iyaye ka faɗi abin da zai fito. Madara ba ta cikin wannan sahu. Yawan abin da saniya za ta ba da ya rataya ne a kan yadda take cin abinci, yadda tumbinta ke narkar da shi, girman hantsarta, yadda take jure zafi, yadda jikinta ke kare kansa daga cuta, kuma kowanne daga cikin waɗannan akwai ɗimbin ƙwayoyin gado a bayansa. Dubbai ne, kowace tana ƙara ɗan kaɗan ko ta rage ɗan kaɗan. Tun a 1918 wani Baturen Ingila masanin lissafi, Ronald Fisher, ya nuna cewa idan ƙwayoyin gado masu yawa suka taru a kan hali ɗaya, ba za ka ga dabbobi sun rabu gida biyu ba, sai dai ka ga yawanci a tsakiya, 'yan kaɗan can sama, 'yan kaɗan can ƙasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ruga lokacin tatsa ya ga haka da idonsa. Akwai 'yan ƙwayoyin da tasirinsu ya fi na sauran, kamar DGAT1 da aka gano a 2002 a kan kuromosom na 14 (kuromosom su ne zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kai), mai taɓa yawan mai a cikin madara, amma ko ita ba ta isa ta mayar da saniya mai lita 2 ta zama mai lita 20 ba.

Masana kiwo suna auna abin da ake kira rabon gado, wato daga cikin bambancin da ke tsakanin shanun garke, nawa ne ya samo asali daga gado, nawa ne daga abinci da ruwa da cuta da yanayi. Na yawan madara wajen kashi 30 cikin 100 ne. Na yawan mai a cikin madarar ya fi haka, wajen kashi 50. Na saurin ɗaukar ciki kuwa ƙanƙane ne ƙwarai, yawanci bai wuce kashi 5 ba, abin da ke nufin idan shanunka ba sa ɗaukar ciki, ka duba kwanon abincinsu da lafiyarsu kafin ka zargi iri.

Ga yadda lissafin yake aiki, kamar yadda Jay Lush na jami'ar Iowa State a Amurka ya shimfiɗa shi ga masu kiwo. A ce garkenka kowace saniya tana ba da lita 2 idan aka raba daidai. Ka zaɓo mai lita 4, ka haɗa ta da bijimin da ya kai darajarta. Ratar da suka ba garke lita 2 ce. 'Ya'yansu ba za su gaji dukan ratar ba, kashi 30 cikin 100 nata za su gada, wato 0.6. Abin da za ka sa rai a kansu lita 2.6 ne, ba 4 ba. Wani zai ce ai wannan ba komai ba ne. Komai ne, domin shi wannan ƙarin ba ya gushewa, a kansa jikoki za su ɗora. Da irin wannan tarin ne, haɗe da abinci da kulawa, saniyar Amurka ta kai tana ba da fiye da lita 10,000 a shekara. Ba dare ɗaya aka yi ba, kuma ba a yi shi ba sai da rubuta abin da kowace saniya ta ba da.

Haɗa Firisiyan da Bunaji gajerar hanya ce, tunda ana ɗauko aikin da wasu suka yi shekara da shekaru. 'Yar da za a haifa rabinta uba ne rabinta uwa, don haka ana sa ran ta faɗo tsakanin irin biyu, da ɗan ƙarin ƙarfi da ruwa-biyun farko ke samu saboda iyayen sun yi nisa da juna. Amma "ana sa rai" magana ce ta jimillar 'ya'ya masu yawa, ba ta karsana ɗaya ba. Sa yana da kuromosom 60, biyu-biyu har gida 30. Kowane ƙwayar maniyyi ɗaya take ɗauka daga kowane gida, kuma hanyoyin da wannan zaɓi zai iya faɗawa sun haura biliyan ɗaya, tun kafin a lissafa musayar da kuromosom ɗin ke yi a tsakaninsu. Bijimi ɗaya ne, amma babu maruƙansa biyu da ya ba su kaso iri ɗaya.

Na ga wannan a turkena. Ina da karsanu biyu daga bijimi ɗaya, uwayensu kuma uwa ɗaya ta haife su. Muna kiransu Kyauta da Doguwa. Tare suka tashi, kwano ɗaya, rijiya ɗaya, rigakafi rana ɗaya. Kyauta a ganiyarta takan kusa lita 10, Doguwa da ƙyar take haura 6. Doguwa ce ma ta fi kyan gani, ita baƙo ke fara nunawa. Kyauta gajera ce, gashinta kwance, kuma da rana tsaka a watan Afrilu za ka same ta tana ci yayin da Doguwa ke tsaye ƙarƙashin darbejiya baki buɗe, yawu na dalala, cikinta na bugawa. Saniyar da ta tsaya haki ba ta ci, wadda ba ta ci ba kuwa ba ta kawo madara. Firisiyan tana fara jin jiki tun zafi na wajen digiri 25, mu kuwa bazararmu tana wuce 35 ba tare da wani ya yi mamaki ba. Duka biyun sun ninka uwayensu, shi ya sa na ce aikin ya biya. Amma babu wadda ta doshi 20.

Wani abin lura kuma, rabon gadon nan na kashi 30 an fi auna shi ne a garken da kowace saniya ke ƙoshi. A inda wata ta ci angurya wata ta kwana a kan busasshen kara, bambancin abinci ne ke cinye mafi yawan bambancin madara, gadon ya ɓuya. Shekarar da dusa ta yi tsada na rage musu, Kyauta ce ta fi zubewa. Ta ci gaba da ba da madara daga naman jikinta har ƙugunta ya fito, ta kuma yi jinkirin sake neman sa. Tsofaffin Bunajin kuwa madarar kawai suka rage, suka riƙe jikinsu. Haka kaska take yi musu: farfarun suna ɗauke da ita suna yawo, ruwa-biyun kuwa in an yi sakaci da feshi sai zazzaɓi. Wannan juriya ita ma gado ce mai ƙwayoyi da yawa, wadda Fulani suka tara ta tsawon ƙarnuka, kuma babu ita a takardar bijimin Turai domin can ba a gwada shi a kanta ba.

Takardar bijimin ma sai da na matsa aka ba ni. Wannan bai dace ba. Kowane bututu yana da sunan bijimin da lambarsa a jiki, kuma haƙƙin mai saniya ne a ba shi bututun da aka yi amfani da shi ya adana, tare da takardar da ke nuna ƙimar bijimin. Lambobin da ke kan takardar suna faɗin yadda ake sa ran 'ya'yansa mata za su ɗara sa'o'insu ne a ƙasar da aka auna shi, tare da wata lamba da ke nuna ƙarfin wannan hasashe. Bijimin da aka riga aka tatsi ɗaruruwan 'ya'yansa, hasashensa ya fi ƙarfi. Tun daga 2009, shekarar da aka fitar da cikakken tsarin DNA na saniya, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, Amurka ta fara ƙiyasta darajar ɗan maraƙi daga gwajin DNA tun bai balaga ba, ta hanyar duba wurare wajen 50,000 a jikin kuromosom ɗinsa. Hanya ce mai kyau, ta kuma hanzarta aikin ƙwarai. Sai dai an gina lissafin ne a kan Firisiyan da ke cin abincin Firisiyan a sanyin ƙasarsu. Da na tambayi likitan ko lambar za ta yi aiki a Zariya, bai yi mini rufa-rufa ba. Ya ce, "Alhaji, tana nuna maka wane bijimi ya fi wane a can. A nan, littafinka ne zai faɗa maka." Da ma shi suka ajiye a teburin karɓar kuɗi.

Littafin kuwa ina da shi, kuma shi ne abin da nake roƙon kowa ya fara da shi. Jarka mai ma'auni, biro, da ranar da za a riƙa aunawa a kowane wata. Baffa ya daɗe yana yin nasa a ka. Zai nuna maka saniya ya lissafo uwarta da kakarta da kakar uwarta, ya ce wannan gidan masu madara ne amma ba sa jure tafiya, wancan gidan ba sa ɓari. Ranar da na yi masa bayanin kashi 30 ɗin nan, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ai shi ya sa ba ma sayen sa don kyan uwarsa kaɗai, sai mun tambayi 'yan uwan uwar." Abin da masana ke yi da kwamfuta ke nan: saniya ɗaya tana iya yin fice saboda sa'ar kiwo, amma dangi guda ba sa yin fice gaba ɗaya sai da dalili a jini.

Akwai wani haɗari da kamfanin bai kula da shi ba sai da na yi magana. Da Kyauta ta isa barbara, bututun da aka zaro na ubanta ne, domin shi ke cikin tulun. Allah Ya sa na adana tsohon bututun, na gwada lambobin. Barbarar allura tana sa bijimi ɗaya ya haifi dubban 'ya'ya, alherinsa ya bazu, aibinsa ma ya bazu. A Amurka akwai wani bijimi mai suna Pawnee Farm Arlinda Chief da aka haifa a 1962, wanda ya haifi 'ya'ya mata wajen 16,000. Daga baya aka gano yana ɗauke da wata ɓoyayyiyar ƙwayar gado da ke kashe ɗan tayi idan ta haɗu daga uwa da uba, aka kuma ƙiyasta ta jawo ɓari wajen rabin miliyan a duniya. Idan ƙasar da ke rubuta komai ta faɗa wannan rami, mu da bijimai biyu ko uku ke zagaya ƙaramar hukuma guda ya kamata mu fi kowa tsoro.

Tambayar da ta fi damuna yanzu ita ce me za a ba ruwa-biyun. In aka sake ba su Firisiyan zalla, 'ya'yan za su zama kashi 75 na Turai, ga buƙatar inuwa da ruwa da magani fiye da abin da yawancinmu za mu iya. In aka haɗa ruwa-biyu da ruwa-biyu, ƙarin ƙarfin nan na farko yana raguwa da rabi, 'ya'yan kuma su watse, wata ta ɗebo Turai wata ta ɗebo daji. Mutanen Brazil sun sha fama da wannan kafin su tsayar da irin da suke kira Girolando, kashi biyar cikin takwas Firisiyan, uku cikin takwas Gir mai tozo 'yar asalin Indiya, kuma mafi yawan madarar ƙasar daga ire-iren wannan haɗi take fitowa. Mu ma ba daga sifiri za mu fara ba. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta daɗe tana aiki a kan haɗin Firisiyan da Bunaji, haka kuma tashar Tukunus a Nijar ta shafe shekaru tana zaɓen shanun Azawak masu madara ba tare da ta sa musu jinin Turai ba. Abin da nake so in gani a tulun masu barbarar allura shi ne maniyyin zaɓaɓɓun bijiman Bunaji da Bokolo da Azawak, da na ruwa-biyun da aka tatsi 'ya'yansu a zafinmu. Na tambaya, an ce babu, masu saye Firisiyan kawai suke nema. Suna nemansa ne saboda an ce musu lita 20.

Wanda yake da rijiya ko burtsatse, yake iya tara harawa da ƙowa tun kaka, yake da inuwa, yake kuma da inda zai kai madara kafin rana ta ɗaga, ya yi, zai ji daɗi. Ya zaɓi shanunsa mafiya kyau, kada ya ce zai gyara na banza da allura, tunda rabin maraƙin daga uwa yake. Wanda shanunsa ke tafiya kudu da rani su dawo da damina, ban ba shi shawara ba, ruwa-biyu ba za ta iya wannan tafiyar ba.

Sai maganar maruƙa maza, wadda ba wanda ya tayar mini da ita kafin in fara. Kusan rabin abin da za a haifa maza ne. Akwai maniyyin da aka tace wanda ke ba da mace wajen kashi 90 cikin 100, amma ya fi tsada kuma shanu ba sa ɗaukarsa da sauƙi kamar na yau da kullum. Mazan ruwa-biyu suna saurin girma in suna ƙoshi, mahauta suna son su. Manoma masu neman shanun huɗa kuwa, waɗanda na kai wa nawa, sun shafa wuyansu suka ga tozon bai taka kara ya karya ba, suka ce karkiya ba za ta zauna ba, ga shi ba za su jure rana a gona ba. A kasuwar mahauta na sayar da su, kuma duk mai shirin shiga ya sa farashin nama a lissafinsa, ba na shanun noma ba.